Babi na Takwas: Ma'aunin da Ƙasa Ba Ta Iya Ɗauka

Tun daga zamanin malaman falaki na farko, waɗanda suka zauna a Babila da Iskandariyya da Bagadaza suna lissafin tafiyar taurari da ƙwayar idonsu, har ya zuwa ga masanan yau masu manyan madubban hangen nesa a bisa ƙololuwar duwatsu da cikin sararin samaniya, kusan duk abin da ɗan Adam ya sani game da sama, haske ne ya kawo masa labarinsa. Gaskiya ne an faɗaɗa ƙofar nan sau da yawa, domin bayan hasken da ido ke gani an koyi kama zangon rediyo da ke fitowa daga taurari, an koyi kama hasken zafi da na hoton ƙashi. Amma waɗannan duka dangi ɗaya ne, asalinsu ɗaya, kuma haddinsu ɗaya. Haddin nan kuwa iri biyu ne. Na farko, akwai halittu masu girman gaske waɗanda ba su ba da haske ko kaɗan. Na biyu, akwai wani zamani a farkon halitta wanda haske bai iya ratsowa daga cikinsa ya iso gare mu ba. Saboda haka duk mai neman ya san waɗannan abubuwa biyu, lalle ne ya nemi wata shaida dabam wadda ba ta dogara ga haske ba, kuma wannan babi bayani ne a kan shaidar nan, da dalilin da ya sa ba a samun cikarta sai an fitar da ma'auninta daga doron ƙasa.

A shekarar 1915 ne Albert Einstein, yana zaune a birnin Berlin na ƙasar Jamus, ya kammala nazarinsa a kan jazibiyya, wato ƙarfin nan da ke komo da jifa ƙasa, ya riƙe wata a kewayen duniya, ya kuma riƙe duniya a kewayen rana. Abin da ya zo da shi shi ne, sarari da lokaci ba kafaffun abubuwa ba ne waɗanda halittu ke wucewa ta cikinsu ba tare da sun taɓa su ba. Kowane jiki mai nauyi yana lanƙwasa su gwargwadon nauyinsa, kuma bin wannan lanƙwasa shi ne abin da muke ji a jikinmu muna ce masa nauyi. A shekara ta gaba, 1916, sai hisabinsa ya nuna masa cewa idan manyan jikkuna biyu suna kewaya juna, lanƙwasar da suke yi wa sarari ba za ta tsaya a inda suke ba, za ta yi ta bazuwa igiya bayan igiya da saurin haske, wato kimanin kilomita 300,000 a sakan ɗaya, kuma duk inda igiyar ta ratsa sai ta miƙe tazarar da ke tsakanin abubuwa ta wannan fuska, ta matse ta ta waccan, sa'an nan ta juya. Waɗannan su ne igiyoyin jazibiyya. Sai dai miƙewar da suke jawowa ƙanƙanuwa ce ƙwarai, har aka shekara kusan ɗari ba wanda ya kama ta kai tsaye, ko da yake Russell Hulse da Joseph Taylor sun gano wasu taurari biyu a 1974 waɗanda ke matsowa kusa da juna a hankali, daidai da yadda hisabi ya ce za su yi in har suna asarar ƙarfi ta wannan hanya.

Ranar 14 ga Satumba, 2015, aka kawo ƙarshen wannan jira. A ƙasar Amurka akwai ma'aunai biyu da ake kira LIGO, ɗaya a Livingston cikin jihar Luwiziyana, ɗaya a Hanford cikin jihar Washinton, kowanne yana da hannuwa biyu na bututun da aka zuƙe wa iska, tsawon kowane hannu kilomita 4, hasken leza yana kai da kawowa tsakanin madubban da aka rataye a ƙarshensu. A ranar nan ma'aunan biyu suka motsa kusan lokaci guda, tazararsu ba ta wuce kashi bakwai cikin dubu na sakan ba, kuma motsin bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na faɗin furoton ba, wato ɗan abin nan da ke cikin cibiyar ƙwayar zarra. Da aka warware saƙon, sai aka ga baƙaƙen ramuka ne guda biyu, ɗaya ya yi nauyin rana sau 36, ɗaya sau 29, suka haɗe suka zama ɗaya mai nauyin rana 62, nauyin rana uku kuwa ya narke ya zama igiyoyi, waɗanda suka yi tafiyar shekara biliyan 1.3 kafin su iso. Baƙin rami shi ne wurin da nauyi ya taru ya cushe har ko haske bai iya kuɓuta daga cikinsa, don haka ba madubin da zai nuna wannan karo. A 2017 aka ba Rainer Weiss da Barry Barish da Kip Thorne lambar Nobel a kan wannan aiki.

To, in an riga an sami ma'auni a ƙasa, kuma an gina wani a Italiya mai suna Virgo kusa da Pisa, Japan ta haƙa nata mai suna KAGRA a ƙarƙashin dutse, mene ne kuma na ɗaukar ɗawainiyar zuwa sama? Amsar tana cikin ɗabi'ar ƙasar kanta. Doron ƙasa ba ya taɓa natsuwa: raƙuman ruwan teku suna dukan gaɓa dare da rana, iska tana tura gine-gine, manyan motoci suna wucewa, ga ƙananan girgizar ƙasa da ba mai jin su. Masu hikima sun rataye madubban ta yadda za su kuɓuta daga mafi yawan wannan, amma akwai wani kashi da ba shi da magani, domin duk lokacin da ƙasa ta ɗan gusa ko iska ta yi kauri a kusa, nauyinsu kansa yana jan madubin, jazibiyya kuwa ba a yi mata garkuwa. Saboda haka ma'aunan ƙasa kurame ne ga duk igiyar da ke kaɗawa ƙasa da kimanin sau goma a sakan. Kowa ya san kalangu muryarsa siririya ce, tambari kuwa, saboda girmansa, sai ya yi ta ruri can ƙasa-ƙasa; haka al'amarin yake a nan, domin ƙananan ramuka suna kewaya juna da sauri, manya kuwa a hankali. A tsakiyar gungun taurarinmu akwai baƙin rami mai nauyin rana wajen miliyan huɗu, wanda Reinhard Genzel da Andrea Ghez suka tabbatar da samuwarsa ta hanyar bin sawun taurarin da ke kewaya shi, kuma kusan kowane babban gungun taurari yana da irinsa. Idan irin waɗannan suka haɗu, kaɗawa ɗaya tak takan ɗauki mintoci ko sa'o'i, kuma mai son jin ta yana bukatar wurin da ba girgiza, da hannuwa masu tsawon da duniya duka ba ta da filinsu.

Wannan bukata ce ta haifi shirin da ake kira LISA, wanda Hukumar Sararin Samaniya ta Turai ke jagoranta, hukumar NASA ta Amurka tana taimakawa. An daɗe ana shawararsa, har ya kusa mutuwa a 2011 sa'ad da Amurka ta janye saboda ƙarancin kuɗi, amma Turawa suka riƙe shi, suka zaɓe shi a 2017, suka kuma ba da izinin fara gininsa ranar 25 ga Janairu, 2024, da niyyar harba shi a wajajen 2035. Tsarinsa kumbo uku ne da za su jeru a siffar alwatika, tsakanin kowanne da ɗan'uwansa kilomita miliyan 2.5, wato fiye da ninki shida na tazarar da ke tsakanin duniya da wata, har haske kansa sai ya yi sakan takwas da ɗoriya kafin ya ƙetare hannu ɗaya. Za su bi bayan duniya a kewayenta na rana, da ratar kimanin kilomita miliyan 50, alwatikar tana juyawa a hankali sau ɗaya a shekara, kuma wannan juyi ne zai taimaka wajen gane kusurwar saman da saƙo ya fito.

Ya kamata mai karatu ya tsaya ya dubi zuciyar wannan na'ura, domin a nan gwanintar take. A cikin kowane kumbo akwai dunƙule biyu na zinariya gauraye da filatinam, kowanne mai fuska shida daidai wa daida, faɗinsa milimita 46, nauyinsa kusan kilo biyu, wanda mutum zai iya rufe shi da tafin hannunsa. An zaɓi wannan gauraye ne saboda yana da nauyi ƙwarai kuma maganaɗisu bai cika jansa ba. Lokacin tashi ana damƙe dunƙulen da ƙarfi don kada girgizar roka ta lalata shi, sa'an nan in an isa sai a sake shi a hankali cikin ɗan akwatinsa, ya zauna yana shawagi, ba ya taɓa komai, ratar 'yan milimita ce tsakaninsa da bango ta kowace fuska. Daga nan aikin kumbo ya zama na bara ga ubangidansa: shi ne zai tare matsin hasken rana da duk wani abin da zai ture dunƙulen, yana auna inda yake a koyaushe, yana fesa ɗan iskar gas kaɗan-kaɗan don ya bi shi duk inda ya nufa ba tare da ya gogi jikinsa ba. Har wutar lantarkin da ke taruwa a jikin zinariyar saboda ƙwayoyin da ke ratso sarari, ana sauke ta da wani haske na musamman, ba da waya ba. Manufar duk wannan ita ce a sami jikin da ba abin da ke sarrafa tafiyarsa sai jazibiyya kaɗai, sa'an nan a auna tazarar da ke tsakaninsa da ɗan'uwansa na can nesa da hasken leza, a gane canjin da bai kai faɗin ƙwayar zarra ɗaya ba. Da yake hasken yana raunana ƙwarai kafin ya isa, ba a mayar da shi da madubi. Kowane kumbo yana karɓar na abokinsa, ya gwada shi da nasa, ya aiko da sakamako ƙasa, inda masu hisabi za su haɗa ma'aunai shida ta wata dabara da ke share kurakuran lezar, ta kuma share miƙewar da hannuwan ke yi na dubban kilomita a cikin shekara.

Wanda ya ji wannan ya yi shakka, bai yi laifi ba, kuma masu kuɗin ma sun nemi hujja kafin su saki hannu. Don haka aka harba ƙaramin kumbon gwaji mai suna LISA Pathfinder ranar 3 ga Disamba, 2015, daga Kourou a Giyana ta Faransa, aka kai shi kilomita miliyan 1.5 daga duniya ta wajen rana, ɗauke da irin dunƙulen nan guda biyu da ratar santimita 38 tsakaninsu. Kafin a kashe shi a Yulin 2017, ya nuna cewa ana iya natsar da su fiye ma da yadda babban shirin ke bukata. Ba Turawa kaɗai ke kan wannan hanya ba: ƙasar Sin tana da shiri biyu, Taiji da TianQin, kowanne ya harba kumbon gwajinsa a 2019, Japan kuma tana nazarin nata mai suna DECIGO.

Yanzu sai mu juya ga fa'ida, domin ba a kashe dukiya da shekarun mutane a kan gwaninta kawai. Mas'ala ta farko ita ce asalin manyan baƙaƙen ramuka. An ga waɗansu da suka kai nauyin rana biliyan tun kaunu, wato halitta baki ɗaya, bai cika shekara biliyan ɗaya ba, alhali shekarunsa yanzu biliyan 13.8 ne, kuma malamai sun yi saɓani kan yadda suka yi wannan girma da wuri haka: waɗansu sun ce daga gawar taurarin farko suka faro, ƙanana, suka yi ta ci, waɗansu sun ce gajimaren gas ne ya rufta gaba ɗaya ya haife su da girmansu. LISA zai ji haɗuwar ramuka masu nauyin rana dubu goma zuwa miliyan goma tun daga zamanin da gungun taurari ke fara ƙulluwa, ya faɗi nauyin kowanne da saurin juyinsa, kuma daga wannan ƙidaya ne za a gane wane ƙauli ya fi rinjaye.

Mas'ala ta biyu ta shafi saurin faɗaɗar kaunu. Tun aikin Georges Lemaître a 1927 da na Edwin Hubble a 1929 aka san gungun taurari suna nisantar juna, kuma gwargwadon nisan gungu, gwargwadon saurin gudunsa. Amma yau akwai saɓani mai tsanani a kan adadin. Waɗanda suka auna daga tsohon hasken farkon halitta, da kumbon Planck, sun sami kimanin kilomita 67 a sakan ga kowace tazarar da haske ke ci cikin shekara miliyan 3.26, waɗanda suka auna daga taurarin da ke kusa, ƙarƙashin jagorancin Adam Riess, sun sami kimanin 73, kowane ɓangare kuwa ya sake duba aikinsa bai ga inda ya kauce ba. Wahalar auna nisa da haske ita ce, ana hawa ne mataki-mataki, kowane mataki ya dogara ga na ƙasa da shi. Amma tun 1986 Bernard Schutz ya nuna cewa igiyar jazibiyya tana ɗauke da nisanta a jikinta, domin yadda kaɗawarta ke ƙara sauri yana bayyana ainihin ƙarfinta a mafari, raunin da ta iso da shi kuma yana bayyana tsawon tafiyarta. An gwada wannan ranar 17 ga Agusta, 2017, sa'ad da taurarin niyutiron biyu suka yi karo a nisan tafiyar haske ta shekara miliyan 130, aka ji igiyarsu kuma aka ga haskensu, aka sami adadi wajen 70, sai dai da faɗin kuskuren da bai isa raba gardama ba. Ma'aunin sama zai kai wannan awo can nesa inda sauran hanyoyi ke gajiya, kuma ana sa rai zai ba da sanarwa tun kafin manyan ramuka su haɗe, domin masu madubi su juya su nemi gungun da abin ke faruwa a cikinsa. Ta haka za a bi tarihin faɗaɗar zamani bayan zamani, a ƙara fahimtar ɓoyayyen ƙarfin nan da aka gano a 1998 yana ƙara mata sauri.

Mas'ala ta uku jarrabawa ce ga Einstein kansa. A 1963 Roy Kerr, mutumin Niyu Zilan, ya fitar da siffar sararin da ke kewaye da baƙin rami mai juyawa, kuma bisa ga wannan nazari, in ka san nauyin rami da juyinsa, ka san duk abin da za a sani game da shi. Wannan da'awa ce babba, kuma ga yadda za a gwada ta: wani lokaci ƙaramin rami mai nauyin rana goma yakan faɗa tarkon babba mai nauyin miliyan, ya yi ta kewaya shi sau dubun dubbai a shekarunsa na ƙarshe, yana matsowa baki a hankali, kowane kewaye yana barin alamarsa a cikin igiyar. Idan siffar sararin ta saɓa wa hisabin Kerr ko da ƙanƙani, kuskuren zai yi ta taruwa kewaye bayan kewaye har ya fito fili. Haka kuma za a duba ko dogayen igiyoyi da gajeru suna tafiya da sauri ɗaya, da ko suna miƙe sarari ta fuska biyu kaɗai kamar yadda Einstein ya ce. Karon 2017 ya riga ya nuna haske ya iso sakan 1.7 kacal bayan igiyar, a ƙarshen tafiyar shekara miliyan 130, kuma wannan kaɗai ya rushe nazarce-nazarce da dama da aka kawo don su maye gurbin nasa.

Mas'ala ta huɗu ita ce mafi zurfi. A shekaru 380,000 na farko, kaunu yana da zafi da cunkoso har haske bai iya tafiya miƙe ba, don haka duk ƙarfin madubi, a bangon nan yake tsayawa. Igiyar jazibiyya kuwa ba abin da ke tare ta. Malaman ɗabi'a sun lissafta cewa sa'ad da shekarun halitta ba su wuce kashi ɗaya cikin biliyan ɗari na sakan ba, an yi wani sauyin hali wanda ya raba ƙarfin lantarki da ƙarfin nan mai rauni na cikin ƙwayar zarra, kuma a lokacin ne ƙwayoyi suka sami nauyinsu. Bisa ga abin da aka sani yau, har da ƙwayar Higgs da aka gano a cibiyar CERN a 2012, sauyin ya auku ne sumul, ba hargitsi. Amma in akwai waɗansu ƙwayoyin da ba a gano ba tukuna, mai yiwuwa ya auku ta hanyar kumfa da ke tsirowa suna faɗaɗa suna karo da juna, kuma rurin wannan karo, bayan faɗaɗar kaunu ta miƙe shi, zai faɗo daidai cikin zangon da LISA ke ji. Muhimmancin wannan shi ne, tun 1967 Andrei Sakharov ya nuna cewa sai da irin wannan rashin daidaito ne maddar da aka gina mu da ita za ta rinjayi kishiyarta, har a sami ragowar da ta zama taurari da duniyoyi. Ba wanda ya yi alkawarin za a ji wannan ruri. Amma in an ji shi, an buɗe babi sabo a ilmin ɗabi'a, in kuwa ba a ji ba, an rufe ƙofofin zato masu yawa, wannan ma riba ce.

Kafin a kai ga waɗannan duka akwai aiki mai wuya, domin ma'aunin zai ji komai a lokaci ɗaya. A cikin gungun taurarinmu kaɗai akwai miliyoyin matattun taurari, waɗanda ake kira fararen wadanni, suna kewaya juna biyu-biyu, kuma muryoyinsu za su cakuɗe da na sauran. Ana sa rai za a ware fiye da dubu goma daga cikinsu ɗaya-ɗaya, saura kuwa su zama guna-guni a bayan fage. Amma akwai alheri a ciki, domin an riga an san waɗansunsu ta madubi, kamar tagwayen nan HM Cancri da ke kewaya juna cikin kusan minti biyar da rabi, kuma su ne za su zama ma'aunin gaskiyar na'urar: in ta ji su yadda hisabi ya faɗa, an san lafiyarta lau.

Hukuncin da za mu yanke a nan shi ne, ilmin da ya tsaya a kan shaida ɗaya, komai kyawunta, yana bukatar ta biyu mai zaman kanta, kuma a kan mas'alolin nan huɗu ba a san wata shaida da ta kai igiyoyin jazibiyya ba. Mutanen da suka fara zana wannan ma'auni sun san da yawansu ba za su ga ranar harba shi ba, amma suka yi aikin da ikhlasi, kuma waɗanda za su warware saƙonninsa a yau suna zaune ne a azuzuwan makarantu. Ina kira ga ɗalibin da wannan littafi ya shiga hannunsa da ya riƙi hisabi da ilmin ɗabi'a da hannu biyu, ya yi haƙuri da wuyarsu, domin da su kaɗai ake karanta irin wannan saƙo, kuma ba a keɓe su ga wata al'umma ban da wata ba. Allah Ya ƙara mana ilmi mai amfani.